Charles Wambebe

Charles Obadiah Nimma Wambebe (1946 – 2022) farfesa ne ɗan Najeriya a fannin kimiyyar magunguna, wato ilimin da ke nazarin yadda magani ke aiki a jikin mutum ko dabba, da yadda jiki ke sarrafa shi har ya fitar da shi. Ya yi karatu ya kuma koyar a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, daga baya ya zama shugaban farko na Cibiyar Bincike da Bunƙasa Magunguna ta Ƙasa, wadda aka fi sani da NIPRD, a unguwar Idu da ke Abuja. An fi saninsa da jagorantar ayarin masanan da suka samar da Niprisan, maganin cutar sikila da aka haɗa daga tsirrai huɗu.

Takardun binciken da ya wallafa sun ratsa shekaru kusan arba'in. Na farko-farko a kan ƙwaƙwalwa da barci suke, na tsakiya a kan itatuwan da masu maganin gargajiya ke amfani da su, sai kuma na Niprisan, waɗanda su ne suka fitar da sunansa wajen Najeriya. Har yanzu masu bincike suna ambaton waɗannan takardu, ko da yake shi kansa maganin ya yi shekaru bai isa hannun marasa lafiya ba.

Asali da karatu

An haife shi a shekarar 1946 a yankin da yau yake cikin Jihar Kogi. Ya samu digirin digirgir a Jami'ar Ahmadu Bello a shekarar 1979, a reshen da ke nazarin tasirin magunguna a kan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi. Kundinsa ya shafi dopamin, ɗaya daga cikin sinadaran da ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ke aika wa juna saƙo da su. A Zariya ya yi aiki tare da Farfesa Gabriel Osuide, wanda daga baya ya zama shugaban farko na hukumar NAFDAC mai kula da ingancin abinci da magunguna.

Shekarun Zariya

Gwaje-gwajensa na farko a kan 'yan tsaki da ɓeraye aka yi su. Zaɓen ɗan tsako yana da dalili. A jikin dabba da ta girma akwai shinge tsakanin jini da ƙwaƙwalwa da ke hana sinadarai da yawa wucewa, dopamin na cikinsu. A jikin ɗan tsako na kwanakin farko shingen bai gama ƙwari ba, saboda haka abin da aka yi masa allura da shi yana isa ƙwaƙwalwa, a ga aikinsa ido da ido. A shekarar 1980 Osuide da Wambebe suka wallafa takarda a mujallar Clinical and Experimental Pharmacology and Physiology a kan yadda dopamin da magungunan da ke kwaikwayonsa ke rage barcin da maganin pentobarbitone ke sa 'yan tsaki.

Takardar da ta fi daɗewa ana jin sunanta daga wannan zamani ita ce wadda ya wallafa shi kaɗai a shekarar 1985 a British Journal of Pharmacology. Ta duba yadda abubuwan da ke taɓa sinadarin serotonin ke canza barcin da maganin nitrazepam ke sa ɓeraye. Tambayar da ta yi ƙunƙuntacciya ce, amma hanyar gwajin ta yi farin jini. Ɓera mai lafiya in aka kwantar da shi rigingine, nan take yake juyawa ya tsaya da ƙafafunsa. In ya kasa juyawa, an ɗauka barci ya kama shi; daga lokacin zuwa sa'ar da ya sake iya juyawa shi ne tsawon barcin. Agogo kawai ake buƙata da haƙuri. Ɗaliban da ke gwada ko wani sassaƙe yana kwantar da hankali ko yana sa barci sun ɗauki wannan ma'auni, kuma wanda ya duba kundayen digiri na sassan magunguna a Zariya, Kano ko Sakkwato zai riƙa cin karo da “Wambebe, 1985” a babin hanyoyin bincike. Da yawa daga masu ambaton ba ruwansu da serotonin, hanyar awon suke aro.

Itatuwan gida a ɗakin gwaji

Gwamnatin tarayya ta kafa NIPRD a shekarar 1987, ta fara aiki a 1989, da nufin a samu magunguna da kayan haɗa su daga albarkatun cikin gida. Wambebe ya jagorance ta har zuwa shekarar 2001. A nan ne yawan takardun da ke ɗauke da sunansa ya ƙaru sosai, domin yanzu yana da ayari: Karniyus Gamaniel, wanda shi ma daga baya ya shugabanci cibiyar, da Samson Amos, da Bulus Adzu, da Ben Chindo, da Peter Akah na Jami'ar Najeriya da ke Nsukka, da wasunsu.

Itatuwan da suka gwada ba baƙi ba ne ga mutumin Tsafe ko Bungudu. A shekarar 2001 mujallar Fitoterapia ta buga bincikensu a kan ɓawon saiwar kurna, inda suka ga yana rage raɗaɗi a jikin ɓeraye. A wannan shekarar dai suka wallafa wani a kan tasirin sabara ga ɗabi'ar dabbobin gwaji, a 2005 kuma Journal of Ethnopharmacology ta fitar da na saiwar sabara a kan gudawa da gyambon ciki. A 2003 suka duba sassaƙen gamji, wanda masu maganin gargajiya a ƙasar Hausa suka daɗe suna bai wa mai farfaɗiya, mai taɓin hankali da mai rashin barci, suka ga yana kwantar da ƙwaƙwalwar dabba. Zoɓo ma bai tsira ba.

Fasalin waɗannan takardu kusan ɗaya ne. A samo icen, masanin tsirrai ya tabbatar da sunansa, a shanya, a daka, a tatso ruwansa da ruwa ko da sinadarin metanol, a fara gano adadin da ke kashe dabba, sannan a gwada abin da masu magani suka ce yana yi. Aiki ne na share fage. Yana nuna cewa maganar kaka da kakanni tana da abin dubawa, amma sakamakon ɓera ba hukunci ba ne a kan ɗan Adam, kuma kaɗan ne ƙwarai daga irin waɗannan tsirrai, a Najeriya ko a ko'ina, suka wuce wannan mataki. Niprisan ya wuce, shi ya sa ya fita daban.

Niprisan

Cutar sikila, wadda wasu ke kira amosanin jini, gadonta ake yi daga uwa da uba. Canji ɗaya tak a cikin himogulobin, sinadarin da ke ɗaukar iskar oksijin a jajayen ƙwayoyin jini, shi ke jawo ta. In oksijin ya yi ƙaranci, himogulobin ɗin mai sikila yakan harhaɗe ya zama zare-zare, ƙwayar jinin ta lanƙwashe kamar lauje, ta toshe ƙananan hanyoyin jini. Daga nan ciwon ƙashi mai tsanani ke tasowa, da ƙarancin jini, da lalacewar gaɓoɓi a hankali. Wani rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2006 ya ƙiyasta cewa ana haihuwar jarirai kusan 150,000 da cutar a Najeriya kowace shekara, kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu yana ɗauke da ƙwayar gadonta. Babu ƙasar da ta kai Najeriya yawan masu ita.

Asalin maganin na wani malamin coci ne mai maganin gargajiya daga Oyo, Rabaran Paul Ogunyale. A shekarar 1992 NIPRD ta ƙulla yarjejeniya da shi: ya bayyana sirrin haɗin, cibiyar kuma ta amince da haƙƙinsa a duk abin da aka samu. An sa sunansa cikin masu ƙirƙira a takardar mallakar fasaha da Amurka ta bayar a watan Satumba na 1998, an kuma sa shi cikin marubutan babbar takardar gwajin. A zamanin da aka saba karɓar sani daga bakin masu magani a manta da su, wannan ya ja hankali, har masu rubutu a kan rabon amfanin ilimin gargajiya suka riƙa kawo shi misali.

Tsirran huɗu su ne 'ya'yan masoro, da kanumfari, da itacen osun, wanda ɗan'uwan madobiya ne, da ganyen dawa, wadda jan nau'inta Hausawa ke kira karan dafi, dukawa kuma ke rina fata da shi. Masoro da kanumfari dai babu teburin mai kayan yaji a kasuwar Gusau da za a rasa su. Wannan ba ya nufin mutum ya haɗa nasa a gida. Wahalar aikin duka tana wajen daidaitawa: nawa za a sa na kowanne, yaya za a tatso, yaya za a tabbatar ƙwayar da aka yi bana ƙarfinta ɗaya da ta bara, alhali ƙasa da damina da lokacin girbi duk suna canza abin da ke cikin tsiro.

Takardar da ta fi muhimmanci ta fito a mujallar Phytomedicine a shekarar 2001, Wambebe ne marubuci na farko. An ɗauki masu sikila 82 aka raba su gida biyu ta hanyar ƙuri'a. An fara lura da su wata huɗu don a tabbatar gidajen biyu sun yi kama. Sannan gida ɗaya ya sha Niprisan, ɗayan ya sha ƙwaya mai kama da shi wadda ba komai a cikinta, ba tare da likita ko mara lafiya ya san wadda aka ba wa wane ba. Bayan wata shida aka musanya, aka ƙara wata shida. Sakamakon ya nuna raguwar tashin ciwo mai tsanani a lokacin shan maganin, gwajin jini kuma bai nuna illa ga hanta ko ƙoda ba. Wata takarda ta biyu ta fito a wannan shekarar a Current Therapeutic Research. Gwaji irin wannan, mai ƙuri'a da rufe ido, a kan maganin gargajiyar Afirka kuma a hannun 'yan Afirka, abu ne da ba a cika gani ba a lokacin.

Daga nan wasu suka ɗauka. Efemwonkiekie Iyamu da Toshio Asakura da abokin aikinsu a Asibitin Yara na Filadelfiya a Amurka sun gwada maganin a ɗakin gwaji, suka wallafa a British Journal of Haematology a 2002 cewa yana jinkirta harhaɗewar himogulobin ɗin sikila. A 2003 suka nuna cewa ɓerayen da aka dasa wa cutar sun fi jure ƙarancin oksijin in an ba su shi. Jinkirin nan shi ne gaɓar: in ƙwayar jini ta samu ta fice daga ƙaramar jijiya ta koma huhu kafin ta lanƙwashe, ba za ta toshe hanya ba.

Ambato da yadda ake auna shi

A duniyar bincike, in masani ya dogara da aikin wani, yakan rubuta sunan aikin a ƙarshen takardarsa. Wannan shi ake kira ambato. Eugene Garfield ne ya kawo shawarar a riƙa tattara ambato a 1955, ya fitar da kundinsa na Science Citation Index a 1964. Yau manyan rumbunan ƙirga su ne Web of Science, da Scopus da Google Scholar, waɗanda dukansu biyu suka fara a 2004. A 2005 masanin kimiyyar fizika Jorge Hirsch ya ƙirƙiro ma'aunin h: mai h 20 yana da takardu 20 da aka ambaci kowacce aƙalla sau 20. Ma'aunin yana hana mutum ya yi suna da takarda ɗaya, yana kuma hana shi ya yi suna da tarin takardun da ba mai karantawa. A jami'o'in Najeriya ƙarin girma ya rataya sosai a kan yawan abin da malami ya wallafa da inda ya wallafa, shi ya sa waɗannan alƙaluma suka zama abin magana a zauren malamai.

Aikin Wambebe yana nuna cewa ambato suna ɗaya ne amma iri-iri ne. Takardar 1985 ana ambatonta don hanyar awo. Takardun kurna, sabara da gamji galibi masu binciken tsirrai ne ke ambatonsu, a Najeriya da sauran ƙasashen da ake irin wannan aiki, sau da yawa a jimla ɗaya ta gabatarwa da ke cewa an taɓa duba wannan ice. Wani kason kuma daga cikin gida yake fitowa, domin ayari ɗaya da ke aiki da hanyoyi ɗaya dole takardunsa su riƙa komawa ga juna. Ba laifi ba ne, sai dai nauyinsa bai kai na baƙon da ya sake gwaji da hannunsa ya samu abin da aka samu ba. Ta wannan fuska takardu biyun Filadelfiya sun fi ambato ɗari na gabatarwa daraja.

Ambato mafi nauyi da gwajin 2001 ya samu daga ƙungiyar Cochrane ya zo, wadda aikinta shi ne tace gwaje-gwajen magani a faɗi ƙarfin hujjarsu. Bitarta a kan magungunan sikila na tsirrai ta fara fitowa a 2004, an kuma sabunta ta sau da dama. Gwaje-gwaje ƙalilan ne suka cika sharuɗɗanta, na Niprisan yana ciki. Hukuncin da ta yanke yana da gefe biyu: akwai alamar maganin yana rage tashin ciwo mai tsanani cikin wata shida, ba a kuma ba da rahoton mummunar illa ba, amma bai nuna tasiri a kan ƙarancin jini ko manyan matsalolin cutar ba, hujjar kuma mai rauni ce saboda mutanen kaɗan ne, lokacin gajere. Ta nemi a yi gwaji mafi girma. A rumbun ƙirga, wannan dogon hukunci ambato ɗaya ne, daidai da na ɗalibin da ya sa sunan takardar bai buɗe ta ba.

Akwai kuma abin da ke ɓacewa wajen ƙirga. Sunansa yana fitowa a takardu a matsayin Wambebe C., ko Wambebe C.O., ko Wambebe C.O.N., kuma na'ura takan ɗauke su mutane daban-daban. Mujallun Najeriya da yawa na shekarun 1980 da 1990 ba su shiga Scopus ko Web of Science ba, wasu ma ba su hau intanet ba sam. Dandalin African Journals Online sai a 1998 ya fara. Kundayen digiri da ke jibge a ɗakunan karatu na jami'o'i, mafi yawansu ba a ƙirga su. Google Scholar yana kwaso wasu daga ciki, shi ya sa alƙalumansa kusan kullum suke fin na sauran biyun ga mutum ɗaya. A ɗaya gefen, shugaban cibiya sunansa yakan shiga takardu da yawa a kusa da ƙarshen jerin marubuta, ma'aunin h kuma ba ya bambanta wanda ya riƙe ɓera da wanda ya samo kuɗin aikin. Irin waɗannan dalilai ne suka sa wasu editoci da masana suka fitar da Sanarwar San Faransisko a kan tantance bincike, wadda aka tsara a 2012, suna kira a auna aiki da abin da ke cikinsa maimakon sunan mujallar da ya fito.

Daga mujalla zuwa kantin magani

A shekarar 2002 gwamnatin Najeriya ta bai wa kamfanin Xechem na jihar New Jersey a Amurka lasisin yin maganin da sayar da shi. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta ba shi matsayin da take bai wa magungunan cututtukan da ba su yawaita a can ba a 2003, takwararta ta Turai ta bi sahu a 2005. Matsayin nan ƙarfafa gwiwa ne a ci gaba da bincike, ba izinin sayarwa ba ne, ko da yake an sha rikita biyun. A watan Yulin 2006 Shugaba Olusegun Obasanjo ya ƙaddamar da maganin da sunan Nicosan a Sheda, kusa da Abuja.

Abin bai ɗore ba. Kamfanin ya kasa yin adadin da ake buƙata, bashi ya yi masa katutu, a ƙarshen 2008 ya shigar da takardar karyewa a Amurka, a 2009 aka janye lasisin. Iyalan da suka fara dogara da maganin suka nema suka rasa. A 2010 mujallar BMC International Health and Human Rights ta buga nazari a kan abin da ya faru, inda aka yaba yarjejeniyar da aka yi da Ogunyale da ƙoƙarin masanan NIPRD, aka kuma nuna raunin da aka samu wajen zaɓen abokin hulɗa, kuɗi da samar da tsirran da yawa. Ta haka faɗuwar maganin ita ma ta ƙara wa takardun Wambebe ambato, wannan karon daga masana tattalin arziki da dokokin mallakar fasaha.

A 2018 NIPRD ta ƙulla sabuwar yarjejeniya da kamfanin May & Baker na Najeriya, wanda ya fito da maganin da sunan Niclovix. A asibitoci kuwa, maganin da aka fi tabbatar da amfaninsa wajen rage tashin ciwon sikila shi ne hydroxyurea, wanda Amurka ta amince da shi don wannan cuta a 1998 bayan gwaji a kan ɗaruruwan mutane.

Shekarun ƙarshe

Bayan ya bar NIPRD, Wambebe ya yi wa Hukumar Lafiya ta Duniya aikin ba da shawara a kan maganin gargajiya a Afirka, musamman yadda za a gwada shi a kuma yi masa rajista. Ya riƙe kujerar farfesa a Jami'ar Fasaha ta Tshwane da ke Afirka ta Kudu. An zaɓe shi ɗan Kwalejin Kimiyya ta Najeriya, da Kwalejin Kimiyya ta Afirka, da TWAS, kwalejin kimiyya ta ƙasashe masu tasowa. A 2018 kamfanin ɗab'i na CRC Press ya fitar da littafin da ya tace mai suna African Indigenous Medical Knowledge and Human Health. Ya rasu a watan Nuwamba na shekarar 2022.